Duwatsun Gwamnati

"Ba duwatsun ado ba ne, Mma! Kayan makaranta ne!" in ji Mahama, sabon malami.

"To gwamnati ta iya ado," in ji Mma Zuwera, mai masaukinsa, ko ɗagowa ba ta yi daga tuƙin tuwo ba. "Ja, ruwan ƙasa, ruwan zinariya. Wa zai yi wa abu zane haka in ba don a ɗaura ba?"

Mahama ya dubi jikarta Salimatu, 'yar wata biyu. Ga resistocinsa shida, 'yan ƙananan kayan lantarki masu zanen launi, a wuyan hannunta, an lanƙwashe ƙafafunsu an shirya su a zare. Daga Tamale aka aiko su Yendi, su da batir da ƙwan tocila ɗaya tal. Jibi sufeto zai zo kallon darasinsa, daga nan a tabbatar da shi malami ko a sallame shi.

"Aikinsu rage ƙarfin wuta, kada ƙwai ya ƙone," in ji shi.

"Ai na gani, Tica. Tun da na ɗaura mata zazzaɓi ya sauka. Kuma abin da aka ɗaura wa jariri ba a tsinka shi, sai ya faɗi da kansa. Ko ba a koya muku wannan a sakandare ba?"

Ba a koya musu ba.

Kwana biyu yana fasa fensir. Ya tuna baƙin tsinken da ke cikin fensir ma yana rage wuta, ya dinga gwada tsawo har ya dace.

Ranar da sufeto ya zo, yara suka kewaye tebur. Batir huɗu, waya, baƙin tsinken fensir, ƙwai. Ya nuna musu yadda wuta ke fita ta zaga ta komo gida, in hanya ta yanke ko'ina sai duhu. Ya haɗa. Ƙwan ya kama, bai ƙone ba. Ya matsar da waya a kan tsinken, haske ya ƙaru, yara suka sa ihu.

Sufeto ya yi ta rubutu yana gyaɗa kai. Irin malaman da sabuwar Ghana ke nema ke nan, in ji shi. Saura sa hannu a takarda.

Sai ga Mma Zuwera a taga, ta kawo wa Tica kokon da ya manta. Salimatu na goye, ta miƙo hannu wajen hasken.

Sufeto ya buɗe akwatin kaya, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya ajiye alƙalami.

"Dabara ta yi kyau, Malam. Amma shidan da muka aiko fa, suna ina?"