Hanyar da Tsoho Hatim Ya Nuna

Badamasi yana durƙushe yana ɗaure birkin keke na goma sha tara lokacin da aka warware allon tallan, bai ko ɗaga kai ba. Tun fitowar rana yake fama da kekunan mutane a bakin kwarin da ake kira Wadi Nu'uman, can bayan Arfa, kekunan hawan dutse masu tsadar tsiya waɗanda masu su ko iska ba su iya hura musu ba. Wannan sarƙarsa ta bushe ƙamas, wancan birkinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa, kuma kowanne sai ya tsaya masa a ka da hular kwano da baƙin tabarau yana cewa yalla, yalla.

Abokinsa Abdulrauf ne ya ɗauko shi aikin. Ya same shi a rumfarsa ta gyaran keke a unguwar Ka'akiyya cikin Makka, ya ce ranar Asabar yana da jama'a mutum talatin, ya zo ya duba musu kekuna kawai. Da safen nan ma ya miƙa masa wata riga ruwan lemo irin ta ma'aikatan taro, Badamasi ya zura ta a kan tasa yana washe baki, shi a dole abokinsa ya samu buɗi. Abdulrauf haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga Katsina da ƙafa, yana da iƙama, wato takardar izinin zama, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa. Shi kuwa Badamasi ɗan Rano ne, ya zo Umara shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya maƙale, ba shi da ko guntuwar takarda. Keke ne ya haɗa su.

Tafin da aka yi ne ya sa ya waiga. A jikin allon ga hoton wani ƙaton dutse da ya tsage gida biyu, magarya ta fito ta tsakiyarsa, siririyar hanya ta bi ta gindinsa. A sama an rubuta da manyan baƙaƙen Larabci: Hanyar Abdulrauf. Sifanar da ke hannun Badamasi ta suɓuce ta faɗi.

Ya san dutsen nan kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa. Shekara shida ke nan duk hutun mako yake tura kekensa cikin duwatsun da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa, domin a can ne kaɗai ba ya waiwaye in ya ji mota ta rage gudu a bayansa. A can ya haɗu da wani dattijo Balarabe mai kiwon zuma, Tsoho Hatim, ranar da ya gyara masa injin ban ruwa da sifanar keke. Sai da suka shekara biyu suna gaisawa, suna cin gurasa da zumar magarya a kwano ɗaya, kafin dattijon ya nuna masa tsohuwar hanyar raƙuma da ta gangaro daga ƙoli ta bi ta bayan gidansa. Ya kuma gitta masa sharaɗi. Hanyar ta ratsa ta wurin amyoyinsa, ta ratsa ta bakin rijiyar da matan gidan suke shayar da awaki fuska a buɗe. Ya zo shi kaɗai, ko da baƙo ɗaya wanda ya yarda da shi, ya yi gyaran murya daga nesa, kar kuma ya nuna wa kowa. Badamasi ya ɗora hannu a ƙirji ya ce amana ce.

Baƙo ɗaya tak ya taɓa kaiwa. Ga baƙon nan tsaye gaban allo da lasifika a hannu, yana yi wa jama'a bayanin yadda ya sha wahala kafin ya gano hanyar.

Badamasi ya jira ya gama, ya ja shi bayan motar ɗaukar kekuna.

"Abdulrauf, mene ne wannan?"

"Ka gani ko? Hilu, wallahi, ya yi kyau!" Abdulrauf ya dafa kafaɗarsa. "Ranar da muka je, agogona mai GPS ya ɗauke hanyar duka, kwana-kwana. Na sa a taswira, mutane suka haukace."

"Agogo? Ni ina gaba ina nuna maka inda za ka taka, ashe kai agogonka na rubutu?"

"Ya akhi, in don suna ne, ka san sunanka ba zai shiga takarda ba. Ba ka da iƙama. Asirinka na rufa."

"Wa ya yi maka maganar suna? Ka sa sunan kakanka ma in ka so. A gabanka tsohon nan ya ce mutum ɗaya. Ka ci zumarsa, Abdulrauf. Ka lashe yatsa."

"Dutse na Allah ne, ba na shayib, wancan tsohon, ba ne. Minti biyu za mu wuce, khalas."

"Da kyamara a kan kowa? Ta bakin rijiyar matansa?" Muryar Badamasi ta fara tashi. "Wallahi sai na faɗa wa mutanen nan. Ku bi wata hanyar, ina da guda huɗu, zan ba ka kyauta."

Abdulrauf ya janye hannunsa daga kafaɗar. Ya kalli wani mutum mai farar jallabiya da ke tsaye jikin wata mota yana duba jerin sunaye, sannan ya dawo da idonsa kan Badamasi, ya sassauta murya.

"Ka ga wancan? Daga ofis yake, shi ya kawo mana izini. In ka ɗaga murya zai zo ya tambayi ko kai wane ne. Ni kuma me zan ce masa? Ka yi wa kanka faɗa, ya Badamasi. Kana da mata da 'ya'ya."

Shekara goma sha ɗaya Badamasi yana tsoron wannan tambaya daga bakin baƙo. Bai taɓa kawowa a ransa cewa aboki ne zai riƙe masa ita a wuya ba, abokin da ya ci tuwon Khairiyya matarsa ya fi a ƙirga. Abin ya yi masa ciwo. Ya tsaya yana kallo aka loda kekuna, jama'a suka shiga motoci, aka kama titin da zai kai su ƙolin dutse, inda za su gangaro. Titin yana da shingen bincike, don haka dama an tsara shi a nan ƙasa zai zauna ya jira su da famfo da faci.

Ƙurar motocin ba ta gama kwanciya ba ya ɗauki kekensa. Gidan Tsoho Hatim a tsakiyar dutsen yake. Su za su yi zagaye da mota su sauko ta sama, shi zai hau ta ƙasa. In ya riga su, ko ba komai dattijon zai shigar da iyalinsa ciki, ya kuma ji daga bakinsa.

Ya bi cikin wadin, taya na nutsewa a yashi, ya wuce gonakin da aka kewaye da duwatsu, ya kama hawa. Inda feda ta taku ya taka, inda ta ƙi ya saɓa keken a kafaɗa ya bi turbar awaki. Sanyin hunturu ne, amma kafin ya kai kwana ta uku gumi ya jiƙa shi sharkaf. A wasu ranakun nan yake tsayawa ya huta, ya kalli wadin shimfiɗe a ƙasa kore-kore, da hazo kwance a wuyan duwatsu, da birai zaune a kan falalen dutse suna kallonsa kamar masu jiran ya gaishe su. Wani lokaci har ya ce a ransa duwatsun Rano ne aka ƙara wa tsawo. Yau bai ga ko ɗaya ba. Tsakuwa kawai yake gani a gaban tayarsa, yana zagin kansa. Da ɗan gari akan ci gari, shi ne kuwa ɗan garin.

Ya hango tsagaggen dutsen da magaryarsa, ƙirjinsa kamar zai fashe. Daidai nan ya jiyo su daga sama: ihu, da ƙarar birki, da rugugin duwatsu na gangarowa. Ya yar da keken, ya ruga ya tsaya a kan kwanar da hanya ta karya zuwa bayan gidan, ya ɗaga hannuwa biyu yana kaɗawa.

"Ku tsaya! Wagif! Wagif!"

Na farkon ya taho a guje, ya ga mutum da rigar ma'aikata tsaye a kwana yana kaɗa hannu, ya ɗaga masa babban yatsa ya karya kan kekensa ya shige. Badamasi ya manta shaf da rigar da ke jikinsa. Na biyu ya bi, na uku ya ce masa shukran ya kaftin. Haka suka yi ta wuce shi ɗaya bayan ɗaya, duk ihun da yake yi suna ɗauka kirari yake musu. Abdulrauf ya zo a tsakiyarsu, ya sunkuyar da kai ya wuce kamar bai ga kowa ba.

Daga inda yake tsaye yana ganin komai. Awaki suka watse daga bakin rijiya. Mata biyu suka jefar da guga suka ruga gida suna jan mayafi a fuska, wasu mahayan kuwa har da rage gudu suna juya kai don kyamarar da ke kan hularsu ta ɗauki ƙauye da kyau. Wani ya kasa kwana ya daki katangar duwatsun da aka jera amyoyi a kai, uku suka gangaro suka fashe, ƙudan zuma ya tashi baƙi ƙirin. Mutumin ya tashi ya haye kekensa yana kaɗe jiki, abokansa na ƙyalƙyala dariya. Minti biyun da Abdulrauf ya faɗa, bai yi ƙarya ba. Kafin ka ce kwabo sun ɓace, sai ƙura.

Da ƙurar ta lafa, Badamasi ya ga Tsoho Hatim tsaye a ƙofar gidansa da sanda a hannu. Ba amyoyin yake kallo ba. Shi yake kallo, shi da rigarsa ruwan lemo, tsaye a kan kwana.

Ya tuɓe rigar ya dunƙule, ya gangara. Ya yi sallama. Dattijon ya amsa cikakkiya, ya nuna masa tabarma a inuwar zaure kamar kullum, ya shiga ciki. Da zagi ya yi, ko ya ɗaga sandar nan, da Badamasi ya fi jin sauƙi. Ya zauna yana jin kukan wata mace ƙasa-ƙasa daga cikin gida, da kukan ƙudan zuman da ya rasa wurin komawa.

Tsoho Hatim ya fito da butar gahawa da ƙaramin kofi ɗaya. Ya zauna a hankali, yana dafa gwiwa.

"Ya ammi," Badamasi ya fara da Larabcinsa na kasuwa, yana kiransa baffa, "wallahi ba ni na kawo su ba. Tsayar da su na zo yi. Abokin nan nawa ne, wanda na zo da shi bara. Agogonsa ne ya ɗauki hanyar, ban sani ba. Ya ci amanata, ya ammi. Har barazana ya yi mini da safen nan."

Dattijon ya saurare shi har ya kai aya, bai katse shi ba.

"Na yarda," ya ce. "Ba ka taɓa yi mini ƙarya ba."

Badamasi ya sauke ajiyar zuciya.

"Amma shi wannan abokin naka ban san shi ba. Ban tambayi sunan ubansa ba, ban tambayi garinsu ba. Ka ce ka yarda da shi, na ba shi wuri ya zauna." Ya ɗaga butar. "Hanyar nan ubana ya nuna mini, na nuna wa 'ya'yana biyu, na nuna maka. Yanzu tana cikin wayar kowa. Za ka iya ciro ta?"

Badamasi ya sunkuyar da kai yana murza rigar da ya dunƙule.

Tsoho Hatim ya fara tsiyaya gahawar. A ƙasar nan ɗan kaɗan ake zuba wa baƙo a gindin kofi, ya shanye a ƙara masa, ya shanye a ƙara masa, alamar ana son zamansa. Wanda aka cika wa kofi kuwa an sallame shi ke nan, ya sha ya kama gabansa. Badamasi ya zuba wa kofin ido yana roƙon Allah a ransa hannun ya tsaya. Gahawar ta wuce rabi, ta kai wuya, ta zo baki fal, sannan dattijon ya ɗaga butar ya miƙo masa da hannun dama.

Ya karɓa da hannu biyu. Kofin ya cika har ya zubo masa a yatsu, da zafinsa, bai ajiye ba. Ya kai baki yana kurɓa kaɗan-kaɗan, yana jan lokaci, dattijon kuwa ya riga ya juya fuska wajen amyoyinsa yana jiran ya gama.