Masaukin Umma a Jidda

Ƙanena Turki ne ya jawo mana wannan aiki. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo gidanmu da ke unguwar Utaibiyya a Makka, ya zauna gaban Umma, ya nuna mata hoton wani ƙaton jirgin ruwa a waya, ya ce ya kama mana wuri a ciki, ni da ita da shi. Jirgin daga Jidda zai tashi, ya yi 'yan kwanaki yana yawo a Bahar Maliya, ya dawo.

"Ya dawo ina?" in ji Umma.

"Jidda, ya ummi."

"To ina ya je?"

Hausar Turki ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, sai ya juyo yana kallona. Na ce mata jirgin ba wurin da za shi, shaƙatawa ce, ana ci ana sha ana kallon ruwa, kuruz ake ce masa. Na faɗa ne kawai don a wuce wurin, domin na san Umma. Ko Ɗa'ifa aka ce ta zo a sha iska, cewa take yi iskar Makka ba ta yi mata laifin komai ba. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta ce, "Daga Jidda ka ce zai tashi?" Ya ce e. Ta ce, "Allah ya kai mu."

Daga nan Turki ya gama nasa. Sauran, wato fasfo da magungunan Umma da mota da inda za a kwana, suka faɗo kaina, don a gidanmu duk aikin da ba a ɗaukar hotonsa nawa ne, ni Nasiha.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Makka da Jidda ba wata tafiya ba ce, kuma sai da hantsi ake fara shiga jirgin. Na ce mu yi sallar asuba a gida, mu hau motar Turki, mu karya kumallo a hanya. Umma ta ce taya na iya fashewa. Na ce to mu hau jirgin ƙasa daga Rusaifa, shi ba shi da taya irin wadda ke fashewa. Ta ce shi kuma ba ta san halinsa ba.

"Jirgin ruwa ba ya jiran mai uzuri," in ji ta. "Sai an kwana a Jidda."

Ban yi musu ba. Na zauna na tsinto otal-otal kusa da tashar jiragen ruwa, ina nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Na farko tagarsa na kallon teku, ta ce za mu yi kwanaki muna kallon ruwa, ba sai mun fara tun daga tudu ba. Na biyu a tsohon gari yake, ta ce zai yi ƙarnin kifi. Na uku ta sa na faɗaɗa hoton, ta ce ba ta yarda da inda alƙiblarsa take ba. Wani kuma ba ta same shi da laifi ba sai filo, ta ce Allah kaɗai ya san kawuna nawa suka kwanta a kai. Mako guda muka yi a haka, har na fara jin haushin masu gina otal a Jidda baki ɗaya.

Ranar da haƙurina ya ƙare na ce, "Umma, ki faɗa min wane irin funduƙ, wane irin otal kike so in sa a gina."

Ba ta ɗago daga tsinkar zogalen da take yi ba. "Ni ban ce a gina komai ba. Amma in aka ji na kwana a funduƙ a Jidda kamar wadda ba ta da kowa a garin, aibi ne. Gobe a gidan biki da shi za a ci shinkafa."

Nan biri ya yi kama da mutum. A Jidda mutum ɗaya muke da shi, yayar Umma, Ruqayya, wadda muke kira Hala kamar yadda 'ya'yan Makka ke kiran 'yar'uwar uwa. Rabon da su yi magana da Umma kuwa an doshi shekara goma.

Abin da ya haɗa su ba ɓoyayye ba ne. Kakarmu ta rasu da hantsi, lokacin muna tsohon gidanmu na Nakkasa kafin a rushe shi. A Makka gawa ba ta zama. Ana wanke ta a kai Harami a sallace ta bayan sallar da ta fi kusa, kuma kowa na yi wa mamacinsa kwaɗayin wannan jam'i. Umma ta buga wa Hala waya, Hala ta ce ga ta nan, a jira ta. Maza suka ce azahar ta gabato. Umma ta ce a ɗauka. Hala ta iso ta tarar da tabarma an naɗe. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ta zauna ta karɓi gaisuwa har kwana uku, ta tashi ta koma Jidda. Abin da ta faɗa a bakin ƙofa shi ne, "Kin binne min uwa ina kan hanya." Tun daga ranar ba waya, ba saƙo, ko barka da salla.

Umma ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban ce ta yi ba. Amma na san abin da ke cin ta. Su biyun duk sun tsufa, Hala ga ciwon suga, kuma tsoron Umma shi ne wata rana a bugo waya daga Jidda, wannan karon ita ce a kan hanya.

Na ce, "To bari in nemo lambarta in sanar da ita muna zuwa."

"Kul," in ji Umma. "Yaushe aka fara neman izini kafin a sauka gidan 'yar'uwa? In kin kira kin ba ta damar cewa a'a. In kuwa ta buɗe ƙofa ta gan mu da kaya, ba ta da yadda za ta yi. Kuma ni ba wurinta za ni ba, jirgi zan hau. Kwana ne ya kama."

Na ce ai an rushe unguwarsu, ba mu ma san inda ta koma ba. Umma ta ce Harazat, bayan wani gidan mai, bene na biyu, ƙofa ruwan toka. Ta faɗe shi kamar tana karanta Fatiha. Na duba taswira na ga tsakanin Harazat da tashar jirgi akwai jan aiki ga cunkoson safe, har ma da daga Makka muka taso da bambancin bai taka kara ya karya ba. Na buɗe baki zan faɗa, na ga fuskarta, na rufe.

Ana gobe tafiya ta cika jarka da zamzam, ta ƙulle kuka da daddawa da ta aika aka sayo mata wurin matan tsohuwar unguwarmu. Turki ya toshe hanci ya ce wallahi ba za a bari a shiga jirgi da wannan ba. Ta ce wa ya ce masa jirgi za ta kai wa.

Mun isa Harazat bayan la'asar. Ƙofar ruwan toka ce. Umma ta gyara abayarta, ta ce in ƙwanƙwasa.

Hala ce ta buɗe da kanta. Ta rame, ta ɗan ranƙwafa, amma idon nan na nan yadda na san shi. Ta dubi Umma, ta dubi akwatunan, ta dubi Turki da jarka a hannu. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, na shirya wa a rufe mana ƙofa. Abin da ban shirya wa ba shi ne ta yi murmushi.

"Ahlan wa sahlan. Hajiya Zaliha ce? Lale marhabin. Tafaddalu."

Duk duniya ba mai kiran Umma Hajiya Zaliha sai ma'aikatan asibiti. A bakin Hala, Zali take tun suna yara. Umma ta amsa gaisuwar, muryarta a ƙasa.

Hala ba ta kai mu ɗakinta ba. Majalisa ta buɗe mana, ɗakin baƙi mai kujerun da ba a cire wa leda ba, ta kunna turaren wuta, ta kawo gahawa da dabino a faranti mai ruwan zinare. Umma ta yi bayanin jirgi, da yadda taya ke fashewa, da yadda otal-otal ɗin Jidda suka lalace. Hala ta ce ai gidan nan na baƙi ne, ko wa Allah ya kawo. Aka miƙa mata kuka da daddawa, ta yi godiya har sau uku, ta ce ba a sha wahala ba da an bari. Da magariba ta yi waya aka kawo mandi, shinkafa da nama, daga gidan abinci, tire guda, ta jera mana cokula, ita kuma ta ce ta riga ta ci. Ƙanshin miyar kuka na fitowa daga kicin ƙarara.

Turki ya ci ya yi nak, ya raɗa min da Larabci cewa Hala mutuniyar kirki ce, ashe duk tsoron banza muke yi. Na taka masa ƙafa. Ni kam da Hala ta zage mu da ya fi min sauƙi, don zagi na gida ne. Wannan karramawa kuwa cewa take yi ba ta san mu ba.

Da aka gama Umma ta tattara farantan za ta miƙe da su. Hala ta karɓe daga hannunta a hankali.

"Haba Hajiya. Baƙo ba ya ɗaukar faranti."

Umma ta koma ta zauna a kan leda. A majalisar aka yi mana shimfiɗa, da sababbin zannuwan gado masu ƙanshin kanti.

Da safe aka kawo mana dafaffen waken ful da burodin tamis, shi ma daga waje. Umma ba ta taɓa ba. Turki ya sauke akwatuna ya tayar da mota. Hala ta rako mu bakin ƙofa, ta ce Allah ya kiyaye hanya, an gode da ziyara, a gaida mutanen Makka. Na ji tausayin Umma ya kama ni. Ta sha ɗawainiyar mako guda tana ƙin otal, ta yarda za ta hau jirgin da ba ya zuwa ko'ina, duk don wannan kwana ɗaya, ga shi ya ƙare a gaida mutanen Makka.

Ta sa takalmi ƙafa ɗaya. Ta tsaya. Sai ta cire, ta tuɓe abayar ta miƙa min, ta raɓa ta gefen Hala ta shige ciki. Muka ji an buɗe famfo.

Na bi ta, Hala na bayana. Umma na tsaye a kicin ta naɗe hannun riga, ta jawo farantan jiya da na safe tana saɓa musu soso. Ba ta waiwayo ba.

"Yaya, ban jira ki ba," ta ce da famfon.

"Na sani. Ai ina hanya."

"Da yau ne, da na jira."

Hala ta matsa kusa da ita, ta miƙa hannu wajen farantin da ke hannun Umma, na ce shi ke nan, za ta sake karɓewa. Umma ta riƙe shi gam, kumfa na bin gwiwar hannunta. A ƙasa Turki ya danna hon. Hala ta daɗe da hannu a miƙe, sannan ta kai ɗan yatsa ta shafi bayan farantin, ta duba yatsan.

"Dubi maiƙo," in ji ta. "Ke dai har ki mutu ba za ki iya wanke bayan kwano ba. Sake wanke shi, Zali."

Umma ta mayar da farantin cikin ruwa. Kafaɗunta suka fara rawa, tana kuka tana dirzar bayan faranti, ba ta ko tsaya share fuska ba. Hala ta jawo kujerar roba ta zauna a bayanta, ta harɗe hannu tana duba aikin, nata idon ma ya cika amma ba ta fasa harara ba.

Turki ya sake danna hon. Na ce, "Umma, jirgi."

Hala ce ta amsa, ko kallona ba ta yi ba.

"Ku je ku hau abinku. Ba ta gama ba, ga tukunyar tuwo can tana jiranta."