Shaidar Kan Fankar Turbo

Shekara ashirin da biyu Sha-Uku ya yi yana aiki a garejin mahaifinsa, kuma a cikin shekarun nan kaf bai taɓa jin tsohon ya ce masa madalla ba. Ba wai aikinsa ba ya kyau ba ne, haba! Mutumin da direbobi ke zama su jira shi ko da abinci yake ci? Sifana mai lamba goma sha uku ba ta barin aljihunsa na baya, daga nan ma sunan ya bi shi. Baba ne kawai haka Allah ya yi shi. In ka gama aiki zai taso ya kasa kunne ga injin, in ya koma kujerarsa bai ce uffan ba, to ka ci jarrabawa ke nan. Sha-Uku ya saba, har ya ɗauka kalmar ba ta cikin bakin tsohon gaba ɗaya.

Sai ga Auta ya dawo.

Auta ƙaninsa ne, ya yi shekara huɗu a wani kamfanin gyaran injuna, ya dawo da safar hannu da 'yar kwamfuta da rigar aiki mai aljihu bakwai. Ko sati bai cika ba ya jona wayarsa a jikin wata mota, ya danne-danne, ya canza wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, mota ta tashi. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, Auta." A gaban kowa fa! Sha-Uku yana kwance ƙarƙashin wata motar a lokacin, ya zabura sai da goshinsa ya gwaru da ƙarfe.

A bayan garejin akwai tsohuwar motar Baba mai ƙofa biyu, ta shekara goma sha ƙarƙashin tamfol. Auta ne ya kawo shawarar a tashe ta a shiga tseren da ake yi a tsohon filin jirgi, inda motoci biyu ke jerawa su miƙe ɗoɗar mita ɗari huɗu, wanda ya riga isa shi ya ci. Ya ce ba sai an sayi sabon turbo ba, nata na asali za a kwance a sake masa kayan ciki. Turbo ɗin nan wani dunƙulen ƙarfe ne mai kamar dodon-koɗi. Hayaƙin salansa ke juya fanka ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya ƙarshen sandar, waccan ta riƙa cusa wa inji iska. A nan ƙarfin motar yake.

Baba ya raba aiki yana zaune. "Auta, turbo naka ne, kai kuma za ka tuƙa. Sha-Uku, ka duba kuloci da birki, ka cire kujerun baya."

Kujerun baya! Shi da ya sauke injin motar nan sau biyu tun Auta yana yawo ba wando. Ya ce "To, Baba," ya juya, amma ransa ya gama ɓaci.

Da ya koma gida da yamma matarsa ta ajiye masa shayi, ta ga ya zuba wa kofin ido har ya huce.

"Kishi kake yi da ƙaninka," in ji ta.

"Ni? Da wannan yaron?"

"Yaron da ke da 'ya'ya biyu. Ka sha shayinka, ni dai na faɗa."

Gaskiya ta faɗa, ya kuma sani. Kishi ne tsagwaronsa, irin mai hana cin abinci. Ba motar yake so ba, ba tseren ba. So yake rana ɗaya tak Baba ya buɗe baki a gaban mutane ya ce ba don Sha-Uku ba da ba a yi ba.

Ranar da za a kwance turbo, Auta ya roƙe shi ya riƙe masa. Akwai ƙa'ida a wannan aikin da duk mai yi ya sani. Fankar da sandar da notin da ke ɗaure su, tare aka daidaita nauyinsu tun daga masana'anta, kuma suna juyawa sama da sau dubu ɗari a minti. In ka kwance, dole ka mayar da kowanne daidai inda yake, in ba haka ba abin zai riƙa rawa har ya tarwatse. Shi ya sa ake yin shaida kafin a taɓa notin. Baba ƙusa yake fiƙewa ya ja ɗan zane. Auta kuwa jar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ya zaro daga aljihu na biyar, ya ja layi ɗaya daga kan sandar ya ratsa notin ya sauka kan fankar, har da ɗaukar hoto.

Wayarsa ta yi ƙara, mai kawo musu sababbin boris ne, zobban da sandar ke juyawa a ciki, ya fita waje yana kwatanta masa hanya. Sha-Uku ya tsaya shi kaɗai da abin a hannu. Wallahi ba don alheri ya yi ba, hannunsa ne kawai ya ƙi yarda a kwance turbo ba zane. Ya zaro tasa ƙusar ya ja zane uku, ɗaya a kan sandar, ɗaya a notin, ɗaya a hancin fankar, sirara kamar gashi, ba ka ganinsu sai ka karkata su ga haske. Auta ya dawo suka kwance, Sha-Uku bai gaya masa ya ja zane ba.

Kwana biyu aka yi ana wanke-wanke da goge-goge. Auta ya ware kayan nan uku a kan farin tsumma a gefen benci don kada jan layin ya goge, sauran ya jiƙa su a kwanon kalanzir. Baba kan taso ya tsaya a bayansa yana kallo, har da riƙe masa fitila. Sha-Uku yana can yana fama da kusoshin kujera masu tsatsa, yana jiyo dariyarsu.

A rana ta uku da tsakar rana, Auta ya ɗauki Baba suka tafi cin abinci. Sha-Uku ya zo wucewa ta gaban bencin ya tsaya. Ya dubi farin tsumman, ya dubi kwanon. Tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. Ya sa yatsa ya tura kayan nan uku cikin kwanon ɗaya bayan ɗaya, tsulum, tsulum, tsulum. Kalanzir ɗin ya ɗan yi ja-ja, shi ke nan.

Ya riga ya gama tsara yadda za ta kasance. Auta zai dawo ya ɗora hannu a ka, Baba zai ɓata rai, shi kuma ya taho a hankali yana goge hannu, ya karkata fankar ga haske ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, ni ba na aiki da maka." Har yadda zai tsaya ya gwada a ransa.

Auta ya dawo. Sha-Uku yana leƙensa ta ƙarƙashin mota. Ya ga ya tsamo kayan, ya jujjuya su, ya ciro waya ya dubi hoton, ya sake duban fankar. Hoton bai tsinana masa komai ba, tunda fikafikan fankar duk kamarsu ɗaya. Ya waiwaya wajen Baba da ke gyangyaɗi a kujera, ya waiwaya wajen yayansa. Sha-Uku ya shirya miƙewa. Sai kawai Auta ya zura sandar, ya ɗora fankar inda ya ga dama, ya ɗaure notin.

Ashe ɗauka ya yi shi da kansa ya zuba su cikin kwanon bisa kuskure, kunya kuma ta hana shi magana. Ɗan gidan ne shi ma, girman kan iri ɗaya ne.

To fa! Yanzu Sha-Uku ya rasa inda zai sa kansa. In ya ce akwai matsala, za a tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce wa kansa gobe zai faɗa. Gobe ta yi, aka ɗaura turbo a mota, aka cika shi da baƙin mai, aka tayar, inji na ta sumul tunda a tsaye ba a jin komai. Baba ya dafa kafaɗar Auta. Ganin hannun nan a kafaɗar nan ya sa Sha-Uku ya mayar da maganar cikinsa. Ya ce a ransa wata ƙila ma Auta ya dace da wurin. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, don ya leƙa da idonsa kafin a rufe, zanen fankar yana gabas na sandar yana yamma.

Ranar tsere suka isa filin da hantsi. Sha-Uku ne ya jawo motar da a-kori-kurarsa, Baba a gaba kusa da shi kamar kullum. Fili ya cika da ƙarar injuna da warin roba. Aka ba kowa damar gwaji sau ɗaya kafin a fara. Auta ya sa hular kwano, ya taka rabin totur ya je ya dawo.

Turbo mai lafiya fito yake yi siriri, sumul. Wannan kuwa akwai wata 'yar karkarwa a cikin fiton, can ƙasa. Duk filin mutum biyu ne suka ji ta. Sha-Uku na ɗaya daga cikinsu. Ya san in aka taka totur har ƙasa fankar za ta ci bango, gutsattsarin su shige inji, mai ya watsu a kan salansa mai zafi, ƙaninsa kuma yana ɗaure da bel a ciki. Aka kira lambarsu. Auta ya jera a kan layi. Sha-Uku ya buɗe baki, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya tsaya yana neman yadda zai fara maganar ba tare da ya tona kansa ba.

Yana cikin nema Baba ya wuce shi. Tsohon da gwiwa ke hana shi hawa matakala uku, ga shi yana ɗingishi da sauri-sauri har ya je ya tsaya a gaban motar, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet.

"Kashe ta."

Aka turo mota gefe, mutane suka taru. Da ta ɗan huce Baba ya sa aka cire murfin gaban turbo. Auta bai jira an tambaye shi ba, kansa a ƙasa ya ce, "Baba, shaidata ce ta goge a kalanzir. Na ji kunya, na ɗaura da ka. Laifina ne."

 Baba ya sa tabarau, ya sunkuya, ya sa yatsa yana juya fankar a hankali cikin hasken rana. Ya tsaya. Ya matsa kusa har hancinsa na neman taɓa ƙarfen. Ya daɗe a haka.

"Wa ya ja wannan zanen?"



"Shekara arba'in ina jan zane a kan fanka," in ji Baba, muryarsa har bayan taron ana ji, "ban taɓa jan mai kyan wannan ba. Sha-Uku, hannunka ne. Madalla da wannan hannu."

Ga ta nan. A gaban mutane kusan hamsin. Auta ya yi tsalle ya rungume shi da hular kwanon da komai, yana cewa, "Yaya, ka cece ni! Ashe kana bayana ban sani ba." Wani ma har da tafi. Sha-Uku ya tsaya ƙiƙam, hannuwansa a sake, ya kasa rungumar ƙanin nasa.

Minti ashirin ya ɗauke su, aka kwance notin, aka jera zane uku a layi ɗaya, aka ɗaure. Auta ya koma kan layi. Aka saki motocin, fiton ya tashi siriri sumul, tsohuwar motar Baba ta yi ta biyu da tazarar da ba ta kai tsawon ƙofa ba. Auta ya fito yana dariya kamar shi ya ci.

Ana cikin hayaniyar Baba ya matso kusa da Sha-Uku, ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Yaushe ka ja zanen?"

"Ranar da aka kwance, Baba."

"Ranar da ya ɗaura kana ina?"

"Ina gareji."

"Ɗazu da aka kira lambarsa fa?"

Sha-Uku ya dubi takalmansa. "Ina nan."

"Kana nan," in ji Baba. Ya cire tabarau ya naɗe ya sa a aljihu.

Da aka tashi, Sha-Uku ya ɗaure motar a bayan a-kori-kura, ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba, ya kaɗe ƙurar kujerar kamar yadda ya saba shekara ashirin da biyu. Baba ya zo ya wuce ta gabansa yana ɗingishi, bai dubi ƙofar ba. Ya fita bakin titi ya tsaya cikin rana yana jiran motar haya.