Kwalbar Shekarar Marlize

Lukas Visagie ya juya kofin gilashin a hankali, amma idonsa na kan 'yarsa. Marlize ta shigo ɗakin gangunan giyarsa da hantsi, ta buɗe tsohuwar kwalbar farar giyar inabi, ta zuba masa shi kaɗai. Ita ko ɗigo ba ta zuba wa kanta ba. Wannan ne ya tsaya masa a rai.

Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bara hancinsa ya mutu, ba ya jin ƙamshi ko wari, kuma bai gaya wa kowa ba. Ranar da aka gane, gangunan nan za su koma hannun surukinsa Dewald, mijin Marlize, mutumin da ke ɗanɗana giya kamar mai shan magani.

"Ta shekarar da aka haife ni ce, Baba," in ji ta. "Faɗa mini yadda ka ji ta."

Launin ya yi ruwan zinariya, daidai shekarunta. Ya tura hanci cikin kofin. Babu komai, sai ka ce ruwan famfo. Ya kurɓa, ya jujjuya ta a baki: tsami-tsami, ba zaƙi, iyakar abin da harshe ke iya faɗa ke nan.

Marlize na murmushi. Murmushin me? Lallai Dewald ne ya turo ta, sun zaɓo kwalbar da matoshinta ya lalata giyar ciki, suna jira ya yabe ta su kama shi. Tsoro ya kama shi, sannan haushi. Shi za a yi wa wayo a ɗakin da ya gina?

Ya tofar a bokiti. "Ta lalace. Warin jiƙaƙƙen kwali take yi. Ki ce wa mijinki ya sake dabara."

Murmushin ya gushe. Ta ɗauki kofin ta shinshina, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Dewald bai ma san na zo ba," ta ce a hankali. "Ciki gare ni, Baba, shi ya sa ban sha ba. Kai ka ce mu ajiye ta sai ranar albishir. Tun da na cire matoshin ƙamshin zuma da gasasshiyar gyaɗa ya cika ɗakin nan."

Lukas ya dubi bokitin.

Ta ajiye kofin, ta dafa hannunsa. "Tun yaushe?"