Fankar Baba Direba

"Ba inda za ni sai matar nan ta zo," in ji Baba Direba, yana jan numfashi da ƙyar.

'Yarsa ta dube ni, idonta jawur. "Anti, ki yi masa magana. Mota na jira mu tafi asibiti."

Ɗakina na jikin nasa, na san abin da yake jira.

Mai gidan da muke haya, Gobe-Gobe muke kiransa, don duk gyaran da ka roƙa amsarsa ke nan. Bara ya jera faifan sola a kan rufinmu, saboda gwamnati na rage haraji ga duk mai gidan da ya saka wa 'yan haya irin wannan wuta. Ya karɓi rangwamen, ya ƙara mana kuɗin haya, sannan ya ja wayar ta kan katanga zuwa shagonsa na firji. Mu ko ƙyallin ƙwan fitila ba mu gani ba. Baba da ciwon huhunsa ya kwana ya wuni cikin zafi, 'yarsa na masa fifita da kwali.

Ranar ce ma'aikaciyar haraji za ta zo ganin aikin da idonta. Da sassafe Gobe-Gobe ya leƙo da ledar lemo.

"Baba, in ta tambaya, ka ce komai lafiya. Gobe zan haɗa maka taka wutar."

"Allah ya kai mu," in ji Baba.

Da hantsi suka shigo. Gobe-Gobe yana ta nuna mata rufi, yana neman wucewa da ita. Na bankaɗe labulen Baba.

"Ranki ya daɗe, akwai dattijo nan yana son gaishe ki."

Ta shigo, zafi ya mare ta.

"'Yata," in ji Baba, "taimaka ki kunna min fankar nan."

Ta danna makunni. Shiru. Ta sake dannawa.

"Baturi ne ya yi sanyi," in ji Gobe-Gobe.

Baba ya ɗaga yatsa, ya nuna taga. "Bi wayar can, ki ga inda ta kwana."

Ta bi. Muna jin muryar Gobe-Gobe a bayan katanga yana rantsuwa kamar zai haɗiye harshe. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To, yanzu ku ɗauke ni."

Bai kai ƙofar asibiti ba, rai ya yi halinsa.

An soke rangwamen, an ci Gobe-Gobe tara, aka tilasta masa maido mana wayar. Da ya zo gaisuwa ba wanda ya matsa masa wuri, a tsaye ya yi ya fita.

Ranar da 'yarsa ke kwashe kaya, ta ɗaga katifar Baba. Gumi ya zana shatin bayansa a jiki, har kafaɗu.

"Zubarwa zan yi, Anti."

"Kawo nan."

Na ja ta waje, na jingine ta da katangar da ke kallon ƙofar shagon Gobe-Gobe. Tana nan har yau, rana na dukanta.