Minti Biyar a Bakin Ƙofa

Matar nan tela ce, irin wadda layin ɗinkinta ba ya karkacewa. Sau ɗaya na san ta yi sakaci. Wata mai kaya ta zo awo da hantsi, ta buɗe mata ƙofa, ta manta ba ta mayar ba. 'Yarta ta fari, mai shekara uku, ta bi ƙofar ta fita titi. Mota ce ta kaɗe ta, ta rasu. Auren ma bai ƙara shekara ba. Daga baya ta auri wani, ta haifi Auta, wadda ta girma ta zama injiniya.

Bayan shekara talatin da biyu, Auta ta kai ta ɗakin aikinta. Wayoyi ko'ina, ga wata kujera a cikin akwatin ƙarfe.

"Mama, wannan zai mayar da ke ranar, minti biyar. Ki tura ƙofar, ki dawo."

Har Mama ta ɗora hannu a kan kujerar. Amma tela ba ta sa almakashi sai ta auna sau biyu.

"Tsaya. In na rufe, yayarki ta rayu."

"Eh."

"In ta rayu, ba zan bar gidan ubanta ba. To ina zan haɗu da naki uban, mai kunnuwa kamar faranti?"

Auta ba ta yi dariya ba.

Mama ta ce, "Ke fa?"

"Babu ni."

"In babu ke, wa ya ƙera kujerar? In babu kujerar, wa ya je ya rufe ƙofar?"

"Nan lissafin ya tsaya mini, Mama. Ko komai ya dawo yadda yake, ko Yaya ta tsira. Shi ya sa na ce a gwada."

"A gwada da ke? Ƙyalle ce ke, da zan gwada allura a kanki?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Tun ina ƙarama, in kin kira ni, sai in ga kina duban bayana kamar akwai mai biyo ni."

Wallahi maganar nan ta fi motar nauyi. Mama ta ɗauke hannunta daga kan kujerar.

"To in je in gan ta kawai? Fuskarta ta fara ɓace mini."

"Za ki iya tsayawa kina kallo ta fita, ba ki miƙa hannu ba?"

Mama ta rufe ido. Ta san kanta.

"Ba zan iya ba. Cire wayar nan daga bango."

"Mama..."

"Cire, na ce. Ɗaya na rasa da mantuwa. Ba zan rasa ta biyu ina sane ba."

Auta ta durƙusa ta zare wayar, ta kasa tashi. Uwar ta sauko ƙasa duk da ciwon gwiwarta, ta riƙe fuskar 'yar da hannu biyu, tana kallonta, ita kaɗai.