Gefe Na Huɗu Na Hoton Yaya Yunus

…to, amma ai fararen kaya ne kawai. Shekara arba'in Rabi'atu na kallon hoton nan: farar riga, farin wando, ruwa iya gwiwa. Kowa a gidan ya ɗauka wanka yayanta Yunus ya shiga a wani rafi can Inugu, inda ya tsaya aikin jirgin ƙasa lokacin da suka kamo hanyar Makka. Ashe a bayan hoton akwai magana, da rubutun hannunsa.

Wa ya aiki Manar? Jikar da ko gaisuwa sai ta cakuɗa da Larabci, ita ce yau ta zare hoton daga gilashinsa, ta haska masa waya. "Ya Hajiya, wai ranar da aka yi masa baftisma ce. Cocin Mormon." Mormon… ko sunan ba ya zama a baki.

Kuma yau! Ta riga ta yi wankan harami, motar zuwa miƙatin Tan'im na jira a ƙofa, za ta ɗauko wa Yaya Yunus Umra, wata biyu da rasuwarsa. Wasiyyar Inna ce: "In kin ji ya rasu, ki yi masa. Kada ki tambayi kowa." Kada ki tambayi kowa — ita da ta ɗauka kunyar ɗan fari ce.

Ana yi wa wanda ya bar addini? Ta san amsar, tsoron jinta take yi. Ko ya dawo kafin… wa zai gaya mata? Akwatin ƙarfen nan ya tsira daga rusau ɗin unguwar Nakkasa, da carbin Baba, da awarwaron Inna, da hoton — da ma katafila ta bi ta kansa. Astagfirullah.

Manar na ta karantowa daga waya. Wai su ma 'yan Mormon ɗin suna tara sunayen kakanni, suna ibada a madadin matattunsu. Ke nan shi ma… ya taɓa tsayawa can da sunan Inna a bakinsa?

Direba na ta danna hon. Yatsanta na bin gefen hoton. Uku santsi, na huɗu karkatacce, yankan almakashi. A kafaɗar Yaya Yunus, inda katakon gilashin ya daɗe yana rufewa, ga fararen yatsu huɗu, an yanke mai su. Inna ba ta karanta boko, amma tana da ido, tana da almakashi.

Inna ta sani. Ta sani, ta kuma roƙa.

Rabi'atu na tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu…